Ƙarambau a Ɗaki na Uku

Karo na uku ke nan alƙali yana ɗage zaman. Na farko wai hatimi bai fito sosai ba, na biyu ya tafi hutu, yanzu kuma sai nan da kwana goma sha biyu. Montse, matar da ta taso tun daga Sifen don ta ɗauki Inkar a matsayin 'ya, ta koma masauki tana share hawaye. Zauresh kuwa, mai renon ɗaki na uku a gidan marayun da Inkar take, haushi ne ya cika ta har wuya.

Jibi Inkar za ta cika shekara huɗu, gidan marayun nan kuwa na ƙanana ne. Ranar da yaro ya cika huɗu, mota kan zo ta kai shi gidan manya a wata gundumar. Can kotu daban, alƙali daban, takardu daga farko. Zauresh ta ga yara shida sun tafi haka, ba a sake jin an ɗauki ko ɗaya ba.

Ran da motar za ta zo, tana gama ba yara kunun safe sai ta ɗauko kwalbar koren maganin nan da kowace uwa a Kazakistan ke ɗiga wa ƙurajen ƙarambau. Ta zaunar da Inkar a cinya, ta bi goshi, kumatu, ciki, har bayan kunne. Yarinya sai dariya take, a zatonta kwalliya ce.

Direba ya leƙo, ya ga koriyar fuska, ya ja da baya kamar ya taka garwashi, yana cewa shi fa yana da jariri a gida.

Likitar gidan, Raushan Bolatovna, ba a yi mata rufa-ido. Ta murza ɗigo ɗaya da babban yatsa, ta ga fata lafiya lau.

"Apa," ta ce, yadda ake kiran babbar mace a can, "kin san korarki za a yi in asiri ya tonu?"

"Shekara talatin ina wanke kashin 'ya'yan gwamnati. Su kore ni mana. Ke dai rubuta."

Likita ta daɗe tana juya biro, sannan ta rubuta a killace ɗakin kwana ashirin da ɗaya, ba shiga ba fita.

Hana shigar ce ta fi ciwo. Da rana Montse ta iso da jakar tuffa, Zauresh ta tare ƙofa. Gaya mata gaskiya ba zai yiwu ba, don ita za ta tsaya gaban alƙali, kuma fuskarta ba ta iya ƙarya ba. Matar ta hango yarinyar ta taga, duk ɗige-ɗige. Ta roƙa da ɗan guntun Rashancinta, ta yi kuka, daga ƙarshe ta kira Zauresh marar tausayi.

Maganar ta yi wa Zauresh zafi har cikin ƙashi, amma ko taku ɗaya ba ta matsa ba.

"Zage ni, ƙanwata," ta ce tana murza makulli. "Kwana goma ya rage a koma kotu. Ranar da kika fita da ita, ki ƙara."