Ɗaga Hannu a Gaban Jost

Tun ranar da mota ta kusa take ɗiyar Vreni a ƙofar makarantarmu, na ƙudura sai an yi 'yan tudu a titin don direbobi su rage gudu. Ni ce malamar ƙananan yara, ni nake jin ƙarar birki ta taga kullum.

Na bi iyaye gida-gida, har a shagon burodi na tare su. Kowa cewa yake, "Malama Regula, ai muna bayanki."

Ranar taron gari aka jera kujeru a ɗakin wasannin makaranta. A ƙauyenmu da ɗaga hannu ake yanke magana, kowa na kallon kowa. Na tashi na yi bayani a tsanake.

Sai Jost ya miƙe. Shi ne mai taraktar da ke share mana dusar ƙanƙara har ƙofar gida, ladansa gahawa mai zafi kawai.

"Malama, tudunki zai karya min bakin tarakta. In ya karye, ke za ki fito da cokali ki kwashe ƙanƙarar?"

Aka kwashe da dariya.

Na ce, "Haba Jost, jikokinka ma nan suke tsallakawa. Akwai tudu mai kwanciya, a tambayi masu aikin titi. Mu tattauna mana."

Shugaban taro ya tambaya ko akwai mai magana. Ba wanda ya tashi. Ueli, uban yara biyu a ajina, wanda jiya ya rantse min zai tashi, ya duƙufa yana duba igiyar takalminsa.

"Masu so a yi tudu, su ɗaga hannu."

Na ɗaga. Vreni ta kai nata kafaɗa, ta waiga ta ga Jost, sai ta shiga gyaran gashi. Masu ƙi ba su da yawa, amma sun fi mu. Magana ta faɗi.

Ana shan ruwan tuffa bayan taro, Vreni ta matso kusa da ni.

"Malama, kar ki ji haushi. Gidanmu can saman dutse yake, ga hunturu ya matso, kuma taraktar Jost ce ke buɗe mana hanya."

"Da kin faɗi haka a ciki, Vreni, da mun san abin da za mu gyara."

Shekara da shekaru ina koya wa yara cewa mai magana ya ɗaga hannu, kuma rabin iyayen nan a ajina suka zauna.

Washegari na sa riga mai ƙyalli, na tsaya tsakiyar titi ina tsallakar da yara. Ueli ya wuce a motarsa, ya ɗago min hannu har sama.