Bidiyon Mama Masu Ɗigo

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, duniyar Auta ta koma wuri uku: ɗakinsa, kicin, da ɗan lungun bayan falo inda aka ajiye akwatin ajiyar bidiyo. Ita ce ƙarama a gidan, ba ta da miji, ba ta da aikin da za a ce ba zai baru ba, don haka ba a ma zauna shawara ba. Yayyenta suka koma garuruwansu, ita ta zauna.

Akwatin dabarar Yaya ce, babban wansu. Wani baƙin abu ne mai korayen fitilu, kullum yana gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwa. Yaya ya zuba duk tsofaffin bidiyon gidan a ciki, ya haɗa shi da talabijin ɗin ɗakin Baba, ya kuma saita yadda kowane ɗan'uwa zai shiga daga inda yake ya ƙara nasa. Baba kuwa bai damu da bidiyon jikoki ba. Na Mama yake so, wadda ta rasu kafin ciwon ya same shi.

Wata safiya Auta tana wanke kwanuka ta ji yana buga ƙarfen gado da rimot. Ta shiga da kumfa a hannu. Talabijin ya yi baƙi, sai rubutu a tsakiya cewa ba za a iya kunna wannan ba.

"Ya lalace," in ji Baba. Maganarsa na fita a karkace, sai wanda ya saba ke ganewa. "Na Mamanku. Ya lalace."

"Bai lalace ba, Baba. Kawo in gani."

Ta karɓa ta duba. Kowane bidiyo ya zama biyu. Suna iri ɗaya, sai dai na biyun yana da ɗigo da ɗan layi a farkonsa. Masu ɗigon ne suka hau sama, su hannun Baba ke fara tararwa, kuma ko ɗaya ba ya buɗewa. Ta gangara ƙasa ta danna na gaskiyar. Sai ga Mama a tsakar gida tana shanya, tana yi wa mai ɗaukar hoton faɗa ya kawar da abin nan daga fuskarta.

Baba bai yi murmushi ba. Ya nuna allon da haɓa. "Sauran fa?"

"Ba komai ba ne. Shara ce kawai."

Kallon da ya yi mata ya sa ta yi da-na-sanin kalmar.

Ta buɗe kwamfutarta a lungun, ta shiga akwatin. Babu masu ɗigon. Ta koma ɗakin Baba, ga su reras a talabijin. Sai da ta yi ta bincike a waya kafin ta gane ɓoyayyu ne: kwamfuta na rufe su daga ido, talabijin kuwa ba ruwansa, duk abin da ya gani tallarsa yake yi. Ta sa kwamfutar ta bayyana su, ta goge su kaf. Ranar har da 'yar waƙarta a kicin.

Kafin mako ya zagayo ƙarfen gado ya sake ƙara.

Haka abin ya zama cikin ayyukanta, kamar juya Baba da canza zanin gado. Ta goge, su dawo. Lungun ba taga, zafin akwatin ya cika shi, gwiwarta na gugar bango in ta zauna. Tana jin yara na wucewa makaranta a waje, tana jin mai gyaran takalmi na kaɗa akwatinsa, ita tana nan tana zaɓar fayil tana gogewa. A wayarta ta tarar da mutane rututu masu kuka irin nata, wasu tun shekaru aru-aru, kowa da shawararsa. Daga bakinsu ta ji cewa wata irin kwamfuta ce ke barin waɗannan 'yan fayiloli a duk inda ta zuba kaya ko ta taɓa. A duk danginsu mutum ɗaya ke da irinta.

Ta kira shi.

"Yaya, kai ne kake shiga wajen bidiyon Mama?"

"Nakan shiga. Ina ɗan gyara sunayen, ina jera su. Laifi ne?"

"Kwamfutarka tana barin datti. Baba yana danna su ba sa buɗewa, yana zaton sun lalace. Jiya ƙin cin abinci ya yi."

"Haba Auta, ni ban ga komai ba a nan. Tas yake."

"Ai ba za ka gani ba. Mu muke gani."

"To ki goge mana, abu ne na minti nawa?"

Ta dubi wayar kamar ta jefar. "Akwai abin da za ka kashe a wajenka, zan turo maka yadda ake yi."

"Turo, in na samu sarari zan duba. Ya jikin nasa? Ki gaishe shi, ina shiga taro."

Ta tura. Bai samu sarari ba.

Da ta gaji, wata rana bayan ta ba Baba maganin rana ya yi barci, ta shiga saitin akwatin da kanta. Ta bi a hankali, don in ta ɓata wani abu ba mai gyara mata. Ta lalubo inda ake hana wasu sunaye zama a ciki, ta rubuta ɗigo da layin. Sannan ta je wajen izini, ta mayar da kowa mai kallo kawai. Ba mai ƙarawa, ba mai canzawa, sai ita.

Masu ɗigon ba su dawo ba. Amma da Baba ya daina ɓata lokaci a kansu, ya kai ga wani dogon bidiyo da ke can ƙasa, sai wata matsalar ta fito. Mama na zaune a bakin ƙofa tana tsefe wa Auta kai tana ƙarama, ta ɗago za ta yi magana, sai hoton ya daskare, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a kan kafaɗarta. Ya ɗan motsa, ya sake tsayawa. Bidiyon ya yi nauyi, bangon da ke tsakanin lungun da ɗakin kuma ya yi kauri, saƙon da akwatin ke turawa ta iska ba ya ratsawa da ƙarfi.

Wannan kam ta san maganinsa. Ta roƙi maƙwabciya ta zauna da Baba, ta fita sayen doguwar wayar da za ta haɗa akwatin da talabijin kai tsaye. Ta daɗe ba ta taka titi ba tare da takardar magani a hannu ba. Ta yi niyyar ta ɗan zaga, ta tsaya ko kallon takalma ta yi. Tana biyan mai shago wayarta ta yi ƙara, maƙwabciyar ce: Baba yana nemanki, ya ƙi yarda in ba shi ruwa. Ta juyo.

Ta ja doguwar wayar ta ƙarƙashin ƙofa, ta bi gindin bango da ita tana kafa ƙananan ƙusoshi, ta cusa a bayan talabijin. Tana durƙushe Yaya ya kira.

"Auta, me kika yi wa akwatin? Ina so in sa bidiyon yara ya ƙi."

"Na rufe."

"Kin rufe? Ni fa na saya."

"Na sani, Yaya. In kana da bidiyo ka kawo da hannunka, ka nuna masa da kanka."

"Kin san yanayin aikina."

"Na sani."

"Wata mai zuwa, in Allah ya yarda."

"Allah ya kai mu," ta ce, ta ajiye.

Ta kunna dogon bidiyon. Ya tafi sumul. Mama ta ɗago, ta ce a miƙo mata matajin can, ta sunkuya ta ci gaba da tsifa. Ashe abin da take ta son faɗa ke nan.

Baba ya motsa a kan filo. "Mayar."

Ta mayar baya. Mama ta ɗago, ta faɗa, ta sunkuya.

"Ya yi sauri," ya ce. "Da tana tsayawa. Ina ganinta."

"Da ɗin matsala ce, Baba. Yanzu na gyara."

"Tsayar da ita."

Ta nuna masa maɓallin, ta ɗora yatsansa a kai. Ya gwada, kafin yatsan ya sauka Mama ta riga ta sunkuya. Ya sake gwadawa, rimot ɗin ya zame ya faɗi cikin bargo. Ya lumshe ido, numfashinsa na fita da ƙarfi.

Auta ta ɗauko rimot ɗin. Ta jawo kujerar roba kusa da gadon, ta mayar da bidiyon baya, ta jira, ta danna daidai lokacin da fuskar ta ɗago. Baba ya buɗe ido.

"Yawwa," ya ce. "Zauna nan."

Tukunya na kan wuta, ga wankin da ta jiƙa tun safe. Ta gyara zama, ta ɗora rimot ɗin a cinyarta, tana jiran ya ce a sake.