Tayar da Ta Suɗe Gefe Ɗaya

Tun da aka binne matarsa, tsohon tela bai sake hawa babur ɗinsa ba, sai da 'yarsa ta haihu a wani gari mai nisa, ta aiko cewa shi take son gani. Ya tura babur ɗin har rumfar mai faci.

Mai faci ya shafa tayar baya, ya yi tsaki.

"Baba, da wannan za ka yi doguwar tafiya? Gefen dama ya suɗe kamar tafin hannu, na hagu kuwa da sauransa. Ko a karkace kake tuƙi?"

"Ƙara mata iska kawai, ɗan nan."

"Iska ba ta dawo da zanen taya. In ruwa ya same ka a hanya, sai dai a kwaso ka, jikanka bai ga fuskarka ba."

Tsohon ya dubi tayar. Marigayiyar a kaikaice take zama a bayansa, ƙafafunta duka a hagu, hannunta a kafaɗarsa. Shi kuma yakan ɗan karkata babur ɗin dama don ya daidaita nauyinta. Abin da ya cinye tayar ke nan.

Mai faci ya sauko da wata sabuwa daga kan ƙusa.

"Wannan ta doguwar hanya ce. Tsakiyarta da tauri, kuma daidai take ci, in dai kai kaɗai ne a kai."

"Ni kaɗai ne," in ji tsohon. "Saka ta."

Ya juya yana kallon titi har aka gama.