Ranar da Doña Floralba Ta Zaɓa

Shekara biyu Yadira tana jinyar mahaifiyarta, Doña Floralba, a gidansu da ke kan tudu a birnin Manizales. Ciwon daji ya cinye ƙashin bayan tsohuwar, ko juya ta za a yi sai ta ciji tsumma. Allurar kashe zafi ta daina yi mata aiki. Da bakinta ta nemi likitoci su taimaka mata ta huta, su kawo ƙarshen rayuwarta, tunda dokar ƙasarsu ta ba da dama. Yadira ta yi kuka, ta yi magiya, daga ƙarshe ita ta kai takardun. Kwamitin asibiti ya amince, aka sa Juma'a da hantsi.

Tsohuwar ta sa aka rina mata gashi, ta raba wa maƙwabta tukwanen furanninta, har ta ɗan taɓa wainar masara da kofi.

Ranar Laraba sai ga Eliécer, wan Yadira, wanda rabonsa da gidan tun Kirsimetin bara. Takarar kansila yake yi. Ya zo da matan coci shida da mai ɗaukar hoto. A bakin ƙofar ɗakin ya toshe hanci da hankici, sannan ya cire, ya durƙusa ya riƙe hannun uwar har aka gama ɗauka. Yadira tana jin sa a banɗaki yana dirje hannu da sabulu.

Da ya fito ya shaida mata ya kai ƙara kotu, wai uwarsu ba ta cikin hayyacinta, an tursasa ta.

"Yaya, ka taɓa canja mata zanin gado ko sau ɗaya?"

"Rai na Allah ne, ƙanwata. Ke dai kin gaji, shi ke nan."

Daga kan gado tsohuwar ta ce, "Eliécer, in kana so in zauna, zo ka zauna tare da ni."

Ya ce yana da taro ƙarfe huɗu.

Washegari alƙali ya dakatar da komai sai an sake bincike. Kwana arba'in da ɗaya Doña Floralba ta ƙara a duniya. Bayanta ya yi gyambo, ihunta ya hana 'yan hayar da ke ƙasan benen zama. Hoton nan kuwa yana manne a kowane turken lantarki na unguwar, an rubuta a ƙasansa: Ɗan da ya ceci uwarsa. Ta gabansa Yadira ke wucewa kullum in za ta sayo bandeji.

Tsohuwar ta rasu saura kwana biyu a yi zaman kotu. A wajen jana'iza Eliécer ya yi jawabi yana share hawaye, ya ce sun yi jinyarta har Ubangiji ya karɓi abinsa. Da ya buɗe hannu zai rungumi Yadira, ƙamshin turarensa ya buge ta. Ta kauce, ta fita bayan coci ta yi amai a gindin katanga.

Ya ci zaɓen. Ita kuwa ta koma garin Pereira wajen ƙanwar mahaifinsu, ba ta ƙara ɗaga wayarsa ba.