Ki Riƙe Min Hannu

Alli ne ya tona asirin. Mai ɗinki tana fama da wuyan wata riga, Auta kuma, 'yarta mai shekara biyar, ta hana ta sakat da surutu. Sai ta miƙa mata allin yanka da ƙyalle.

"Ungo, rubuta min harafin da aka koya muku, ki bar ni in ji da aiki."

Yarinya ta damƙe alli kamar muciya, ta miƙo hannu, ta tsaya.

"Rubuta mana."

"Umma, ki riƙe min hannu."

Ta ɗauka shagwaɓa ce. Ta lallaba, ta harara, ta daka tsawa, hannun nan yana nan a miƙe. Ta zazzage jakar makaranta ta buɗe littafin: shafi bayan shafi, haruffa tsaf a kan layi, irin waɗanda take nuna wa masu kawo ɗinki tana baza haƙora. Ashe wata huɗu tana tallar rubutun wata ƙatuwa! Ranta ya ɓaci, har allura ta soke ta ba ta ji ba.

Washegari ko mai ba ta ɗiga wa keken ɗinki ba, ta ja Auta sai makaranta. Ta taga ta fara leƙawa, ta kuwa ga abin da ta zo gani. Malama tana bin benci ɗaya bayan ɗaya, ta duƙa, ta dunƙule hannun yaro cikin nata, ta ja. Wani ma hamma yake yi yana kallon silin, hannunsa na ta zuba rubutu.

Ta faɗa ajin ko sallama babu.

"Malama, 'yata na kawo ta koya, ko ke na kawo? Yatsun yaro ai da aiki suke ƙwari! Ni da aka riƙe min almakashi, da yau ina yanka?"

Malama ta nufi teburinta. Ta ja aljihun tebur, ta fito da wata takarda rabi biyu, ta haɗa su a gabanta. Zane ne a birkice, da'irori a karkace, fensir har ya huda wani wuri.

"Maman Auta, kin gane wannan?"

Ta gane, kuma da ma ba ta gane ba.

"Sati na uku da buɗe makaranta kika yaga ta a nan, a gaban Auta. Kika ce ba ki kawo 'yarki ta yi ƙazanta ba, 'yar maƙwabciyarki har ta fara jimla. Dubi nan." Ta ɗora yatsa a kan wata da'ira. "Ranar ta fara haɗe bakin da'ira da kanta. Kwana goma tana fama. Daga ranar nan, in ta ɗauki fensir sai ta kalli ƙofa. Ni ma da laifina, na gaji da faɗan iyaye, na ba ku abin da kuke so."

Mai ɗinki ta ƙura wa da'irar ido. Fushin bai tafi ko'ina ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, don yanzu babu wanda za ta sauke wa sai kanta. Ta ɗauki takardar ta fita.

Da aka tashi daga makaranta, ta ture kwandon ƙyallaye, ta share simintin shago, ta ajiye alli. Auta ta ɗauka, ta miƙo hannu. Uwar ta zauna a ƙasa, ta cusa hannayenta biyu ƙarƙashin cinya, ta danne.

"Yi abinki. Duk yadda ya fito."

An daɗe. Allin ya suɓuce sau biyu, uwar kuwa kamar ta fizge, ta cije leɓe. Can yarinya ta ja wani layi mai rawa, ya lanƙwasa, ya dawo kusa da inda ya faro. Ba ta dubi zanen ba, fuskar uwar ta duba.

"Umma, wannan ai ba ya yaguwa, ko?"