Dashen Baballe

"Ajiye a zaure, Zuliha, kada ki shigo," in ji Tambaya daga tsakar gida.

Na gyara takunkumina na shige abina da kwanon kunu. Katanga ɗaya ta raba mu, yau kuma ni za a tsayar a zaure?

Mijinta Baballe na kwance a rumfa, numfashi da ƙyar. Duk ƙauyenmu, nan gefen Bunkure, an san shi da shiga kogon kuka yana kwaso kashin jemage, da shi yake takin irin tumatirinsa. Da rediyo ta kama maganar sabon nau'in korona, ana cewa irin waɗannan cututtuka daga jemage suke tsallakowa, ga shi tari ya kama shi, sai ƙafa ta ɗauke daga gidan. Ma'aikaciyar lafiya ta zo ta yi masa gwaji, ta ce a jira sakamako.

Shi kuwa ba ta kansa yake ba.

"Irin nan ya isa dashe," ya ce mini. "Jibi za a sako mana ruwan noman rani ta kanal. In ya wuce, Tambaya da yara sun rasa ranin bana."

"Ka warke ka dasa abinka."

Ya yi murmushi. "Zuliha ke nan."

Washegari bayan azahar ya cika. Mutane kaɗan ne suka yi masa sutura, da safar hannu. Na yi kuka, raina kuma ya ɓaci ƙwarai.

Da maigidana Garzali ya dawo daga maƙabarta na tare shi.

"Malam, gobe wa zai dasa wa marigayi?"

"Tsoron taɓa irin ake yi."

"Cewa aka yi ku lashe shi? Ku rufe hanci, ku wanke hannu da sabulu. Tambaya na takaba, ba ta fita. In ba ku je ba, ni zan je, gari ya gani."

Ya zura takalmi ya fita.

Washegari da hantsi na ɗauki kwando na nufi gonar marigayi, ina ta shirya baƙar magana a raina. Har lokacin sakamakon gwajin bai zo ba.

Daga kan kanal na hango su. Maza ne a jere, sun sunkuya, wani da takunkumi, wani ya naɗe hanci da rawani. Garzali ne ke tugo iri yana miƙa musu. Ruwa ya fara shiga kwamin farko, yana bin dashen a hankali.