Sunan Ƙanen Mama Sophia

Constance na cikin taje wa tsohuwar gashi a bakin taga, sai Mama Sophia ta kama hannunta ta riƙe.

"So nake ki kai ni Washington," in ji ta. "Gidan tarihin nan da aka gina don tunawa da mutanenmu."

Shekara huɗu ke nan Constance tana tasowa daga Hyattsville kowace safiya, ta zo Gaithersburg jinyar wannan Bayahudiya mai shekara tamanin da takwas. Ta san a Hungary aka haife ta, ta san 'yan Nazi sun hallaka iyayenta. Iyakar abin da ɗan tsohuwar, Kenneth, ya gaya mata ke nan ranar da ta kama aiki, ya kuma ja mata kunne kada ta tayar da zancen. Ba ta taɓa tayarwa ba.

"Mama, ba ke kika ce ƙafarki ba za ta sake taka wurin ba?"

"Ni na faɗa. Amma yau da na farka na lalubi sunan ƙanena, na rasa."

Constance ta ajiye matajin. "Dama kina da ƙane?"

Tsohuwar ta gyaɗa kai, idonta na kan titi. A hankali ta ba da labarin, tana yi tana tsayawa. Shekararta takwas lokacin, shi kuma huɗu. 'Yan Nazi sun tara su a filin tashar jirgin ƙasa. Uwarsu ta hango wata maƙwabciyarsu a bayan shinge, ta tura su ta wata kafa, ta ce mata ta riƙe hannun yaron da kyau. Hularsa ta faɗi, ya fizge zai ɗauko, ita kuma ta sake shi. Maƙwabciyar ta ja ta suka shige cikin jama'a, ta ɓoye ta a gidanta har yaƙi ya ƙare. Ba ta sake ganin yaron ba.

"Mijina ya mutu bai sani ba. Kenneth ma bai sani ba. Sau ɗaya na faɗa, shekara talatin da suka wuce, da mutanen gidan tarihin suka naɗi muryoyinmu. Na ambaci sunansa a ciki. Yana can. So nake in je su kunna mini, in ji shi daga bakina."

Constance ta shiga kicin da sunan ɗora shayi. Ta daɗe a tsaye ba ta kunna wuta ba. Ita ma tana da ƙane, Raymond. Shekara shida ke nan da mahara suka afka wa ƙauyensu a gefen Barikin Ladi. Tana nan tana canza wa wani dattijo zanen gado aka bugo mata waya. Takardunta na izinin zama ba su fito ba a lokacin, in ta tafi ba dawowa, don haka ba ta je ba. A rami ɗaya aka binne shi da mutum talatin da wani abu. Har yau ba a kafa ko allo a wurin ba, dankali ake nomawa a gefensa.

Ta share fuska ta ɗauki waya. Matar da ta amsa a gidan tarihin ta saurare ta da haƙuri, ta karɓi sunan Mama Sophia na gidan ubanta da sunan garinsu, ta ce za a duba kafin Talata. Ta kuma ce keken guragu na shiga ko'ina. Constance ta rubuta abin da za su buƙata a bayan wata ambulan: maganin zuciya, bargo, ruwa, ɗan burodin da Mama ke so.

Saura abu ɗaya. Kamfanin da ya turo ta bai yarda a fita da majinyaci ba sai da amincewar iyalinsa. Ta kira Kenneth a ofis, ta fara yi masa bayanin tafiyar Talata.

"A'a," in ji shi tun ba ta gama ba. "Ba ki gan ta ba wancan karon. Mako guda ta yi ba ta cin abinci. Yanzu ga ciwon zuciya, ga mantuwa. Me za ta je nema?"

"Ita ta roƙa, Mista Kenneth."

"Jiya ma ai ta roƙa a kira mata babana, shi da ya shekara goma a kabari. Constance, ki ba ta magani, ki kula da ita. Shi ne aikinki."

Ta san in ta matsa, waya ɗaya zai yi a canza ta. Ta san kuma jimla ɗaya za ta faɗa ya yarda, amma sirrin ba nata ba ne.

"Ni an binne ƙanena ban je ba," ta ce a hankali. "Kullum cewa nake sai baɗi. Mamanka ba ta da baɗin da za ta jira. Ban iya faɗa maka fiye da haka ba."

Tana jin ƙarar injin buga takardu a bayansa.

"Ban san kin yi rashi ba," in ji shi. "Ki yi haƙuri." Ya numfasa. "Talata. Amma da ni za a je, kuma da na ga ta fara galabaita mu juyo."

Ta nemi tikiti uku na ƙarfe sha ɗaya, ta ɗumama miya, ta kai falo a faranti. Mama Sophia ta ɗan yi gyangyaɗi a kujera, ta farka tana murmushi.

"Mama, an gama. Talata za mu, har da Kenneth."

"Ina?"

"Gidan tarihin. Mu jiyo sunan ƙanenki."

Tsohuwar ta dube ta da mamaki, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi ɓatan kai. "Wane ƙane, 'yata? Ni kaɗai iyayena suka haifa."

Constance ta durƙusa ta kalli idanunta, tana neman alamar ɓoyo ko ta kunya. Babu komai a cikinsu sai jiran miya. Ta ɗaura mata tawul a wuya, ta shiga ba ta cokali ɗaya ɗaya. Tsohuwar ta sha da daɗi, har tana yaba gishirin.

Da la'asar, tana ɗauraye kwanuka, saƙon Kenneth ya shigo. Ya ɗauki hutun ranar, yana tambaya ko akwai abin da zai taho da shi.

Ta goge hannu a jikin rigarta. Ta rubuta cewa a fasa, Mama ta manta. Ta daɗe tana kallon rubutun, sannan ta share shi. Ta leƙa falo, tsohuwar na kallon tsuntsaye a kan shinge.

"Ka zo da wuri," ta rubuta masa. "Akwai maganar da zan gaya maka kafin mu shiga mota."